Clarrie da Kolet Goma Sha Biyu

In ana rabon cika baki a garin Merrabool, to a ajiye wa Clarrie Pascoe kaso biyu. Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta, amma in ka ji shi a bakin shagon Stavros mai soya kifi da dankali, sai ka rantse shi ya ƙera jirgin ƙasa. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. In tayarka ta yi faci a hanya, shi zai fara tsayawa. Sai dai kafin ya tafi, tayoyi biyu za ka tarar a kwance.

Abin da ya fi tinƙaho da shi wani ɗan injin sassaƙar ƙarfe ne da ke ɗakin kwano a bayan gidansu. Na marigayi Hec ne, uban matarsa Glenys, wanda ya ƙare rayuwarsa yana gyaran injinan askin tumaki. Injin bai wuce tsawon teburin guga ba, koren fentinsa duk ya koɗe, kuma ya girmi Clarrie. Kusa da shi akwai akwatin katako, ciki kolet goma sha biyu a jere cikin ramukansu kamar ƙwai. Shi kolet ɗan bututun ƙarfe ne mai yatsu uku. A zura sanda a ciki, a ɗaure, ya damƙe ta cas a tsakiya, injin ya juya ta, wuƙa ta fere. Kowanne da kaurin sandar da yake ci, ba ƙari ba ragi.

"Injina," haka Clarrie ke cewa a gari. Amma makullin ɗakin yana rataye a ƙusa a kicin, kuma shekara ashirin hannunsa bai taɓa shi ba. Glenys ce ke shiga, Lahadin farko ta kowane wata, da 'yar butar mai, ta rufe ƙofa, ta yi rabin awa. Clarrie ya gaya wa kowa kukan ubanta take shiga yi.

To, ana sauran kwana shida bikin 'yan sa-kan kashe gobarar daji, wanda ake yi kowace shekara kafin zafi ya shigo, sai Stavros ya zo taronsu da guntayen ƙarfe biyu a tafin hannu, fuska kamar an yi masa rasuwa. Shi ke gasa ragon biki a dogon tsinken ƙarfe, ɗan injin lantarki na juya shi, kuma ƙusar da ke haɗa injin da tsinken ce ta karye.

"In na aika birni, sati uku," in ji shi. "Ragon kuwa yana cikin firjina, an riga an shafe shi da tafarnuwa."

Clarrie ya karɓi guntayen, ya ɗaga su sama, ya kanne ido ɗaya. "Wannan? Wannan ɗan tsinken sakacen ya hana ka barci? Kafin shayina ya huce na fere maka sabuwa a injina."

Vern, maƙwabcinsa, wanda shi ne shugaban 'yan kashe gobarar, ya ture hula ƙeya. "Clarrie, bara ka gyara mana famfon coci. Har yau in aka buɗe na kicin, banɗaki ne ke amsawa."

"Laifin bututu ne."

"Injin ma na surukinka ne."

"Abin da ke gidana nawa ne, mutumina. Ka tanadi faranti."

A gida Glenys ta saurare shi tana shirya jaka, don washegari za ta garin Wagga jinyar ƙanwarta da za a yi wa aikin ido, sai Juma'a ta dawo. Ta daɗe tana kallon makullin. Sannan ta sauko da shi, amma ba ta sake shi ba.

"Baba ya yi rubutu a cikin murfin akwatin. Ka sa tabarau ka karanta."

"Ni da tabarau? Ina hango ƙuda a kan hasumiyar coci."

"Ka sa dai. Kuma ka ji ni da kyau, tsoho. Goma sha biyu ne. In na ƙirga ban same su lafiya ba, injin nan Rumfar Dattawa zai koma. Shekara biyar suna roƙona. Da rana tsaka za a ɗauke shi, a bayan a-kori-kurar Vern, kowa na kallo."

Rumfar Dattawa kuwa ita ce inda tsofaffin garin ke taruwa ran Alhamis suna gyare-gyare da gulma, kuma babu wanda ya kai su sanin bakin Clarrie. Clarrie ya ce ta tafi hankalinta kwance.

Rubutun Hec layi biyu ne kacal da fensir. Na sama ya ce mai ake sa wa injin, ba giris ba. Na ƙasa ya ce ba a tilasta wa kolet. Clarrie ya buɗe murfin, ya ga wasu baƙaƙen tururuwa na iyo, ya ce, "Addu'a ce," ya jingine shi da bango.

Ran Talata ya fara da abin da ya kira kula da lafiyar inji. Ya ga 'yan ƙananan nonuwan tagulla a jikin injin, irin waɗanda ya saba gani a ƙarƙashin mota, sai ya ɗauko bindigar giris ta tarakta. Ya ɗura, ya ɗura, har baƙin giris ya fara fitowa ta gefe kamar tsutsa.

Vern ya leƙo ta kan shinge. "Hec da butar mai na saba ganinsa."

"Hec mutumin da ne. Mai ruwa ne, ya zube ya tafi. Giris kuwa ya zauna ke nan. Shekara goma ba ya neman ƙari."

"Haka ake cewa da gawa," in ji Vern.

Daga nan Clarrie ya tafi shagon kayan gona ya sayo sandar ƙarfe mai kaurin milimita goma sha biyu. Abin da bai tuna ba shi ne, kolet ɗin Hec tun zamanin inci aka yi su, kafin ƙasar ta canza ma'auni. Ya zura sandar cikin na rabin inci, ta shige ta fice kamar cokali a kofi. Ya gwada na ƙasa da shi, ko baki ba ta shiga ba. Da wani ne, da ya koma ya nemo sandar da ta dace. Clarrie ya yanko gwangwanin lemo, ya naɗe sandar, ya cusa a na rabin inci, ya ɗaure da sufana, ya kunna, ya danna wuƙa da ƙarfin mai yankan kabewa.

Sandar ta yi wani kuka, ta fizge, ta fasa gilashin taga, ta tsallake shinge, ta shige cikin tsohon tankin ruwan saman Vern. Ruwa ya yo tsiri.

"Ruwan wata shida!" in ji Vern, yana fitowa da gudu da takalmi ƙafa ɗaya. "Zafi na tafe, kai kuma kana harbin tankina!"

"Tsatsa ce ta cinye shi. Ni nuna maka wurin kawai na yi."

"Sa yatsa!"

Clarrie ya tsaya da babban yatsa cikin ramin, ruwa na bin hannun rigarsa har hammata, Vern na neman abin toshiya. Aka rasa, sai ƙaton karas daga lambu. A kan bishiyar turare wani tsuntsu da ake kira kukabura ya kece da dariyar nan tasu, har abokansa suka taya shi.

Ran Laraba Clarrie ya ce ya gano bakin zaren: babba ya yi sako-sako, ashe ƙaramin ne daidai, kunya kawai yake ji. Ya sayo wata sandar, ya ɗora ta a bakin ƙaramin kolet, ya ɗauko guduma. Bugun farko ta shiga kaɗan. Na biyu ta ƙara. Na uku aka ji ƙas, siririyar ƙara kamar an taka kofin shayi, yatsa ɗaya cikin ukun ya faɗo ƙasa.

Ya daɗe a tsugune yana kallonsa. Ya gwada manne shi da gam, ya manne yatsunsa biyu. Daga ƙarshe ya yanko guntun bututun famfo, ya goge shi da toka har ya yi ƙyalli, ya dasa a ramin akwatin. Ya ja baya taku uku, ya ƙirga. Goma sha biyu. Ga wanda ba ya sa tabarau, aiki ya yi kyau.

Ran Alhamis ya mayar da karyayyen kolet ɗin bakin injin, tunda yatsu biyu ma ai riƙo ne. Sandar ta riƙu, amma a karkace, tana kaɗa kai kamar mai jin kiɗa. Ya ci gaba da fira. Abin da ke faruwa a ciki kuwa, giris ya toshe duk 'yan hanyoyin da mai ke bi, ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe. Injin ya fara gurnani, ya koma kuka, ya cije. Bel ɗin roba da ke juya shi ya ci gaba da zamewa a wuri ɗaya har ya soma ƙonewa. Hayaƙi ya fito ta fasasshiyar taga.

Wata mata da ke wucewa ta buga waya. Ba a yi minti biyar ba sai ga jar mota da jiniya, mutum tara cikin rigunan ruwan ɗorawa, har da wanda ya baro akuya rabin tatsa. Vern ne a gaba da mesa, ko da yake daga gidansa taku goma ne.

Clarrie ya tare ƙofa, ido jawur, yana tari. "Kada wanda ya watsa ruwa! Ba gobara ba ce. Injin ne ke ɗumama jiki."

"Mu ne 'yan kashe gobara, kai ne mai yi mana ƙusar biki," in ji Vern. "Ka ga mun zo duba aiki."

Stavros ma ya iso da atamfar aiki a ƙugu. "Ƙusata fa?"

"Saura kwalliya."

"Shayin naka bai huce ba har yanzu?"

Da suka watse, Clarrie ya ciro abin da ya fere. Kai ɗaya mai kauri, ɗayan siriri, tsakiya a tanƙware kamar ƙafar kare. Ya bi ta da magagari har hannunsa ya yi kanta. Ya share ɗakin, ya liƙa kwali a taga, ya lulluɓe injin, ya mayar da makulli ƙusarsa. Karyayyen kolet kuma ya jefa a aljihun kwat ɗinsa na zuwa coci, da niyyar ran biki ya wurga shi cikin tafkin da ke ƙasan filin wasa.

Glenys ta dawo Juma'a da yamma. Duk garin ya san labari, amma babu wanda ya ce mata uffan, don kowa na so ya ga ƙarshen abin da idonsa. Ta ajiye jaka, ta shaƙi iska.

"Me ya sa tankin Vern ya tsiro karas?"

"Kin san Vern da ƙawa."

"Me ke warin taya?"

"Masu aikin titi."

"Uhm," in ji ta. "Jibi Lahadin farko ce. Zan ƙirga."

Ran Asabar da safe filin wasa ya cika. Mata sun jera kek da shayi, maza sun kewaye gawayi kowa da gwangwanin giya a hannu yana koya wa Stavros hura wuta, karnukan kiwo na kwance ƙarƙashin motoci. Clarrie ya zo cikin kwat, ya fito da ƙusar a naɗe cikin hankici. Wajen injin ta yi sako-sako, ya naɗa mata waya. Wajen tsinken ta ƙi shiga, ya taimaka mata da diddigen takalmi. Aka kunna.

Ragon ya juya. Ya hau a hankali, ya tsaya a sama kamar mai tunani, sannan ya faɗo gefe ɗaya, jib. Ya sake hawa, ya sake tunani, jib.

Stavros ya dafe kai. "Clarrie, ragona ya mutu tun satin da ya wuce, amma ga shi yana ɗingishi."

"Salo ne. Girgizar nan ita ke sa kitse ya ratsa nama. A manyan birane haka ake yi."

"A ƙauyenmu in rago ya yi haka, fadan coci ake kira."

Mutane suka yi dariya, Clarrie ya ɗauka yabo ne. Ya hau akwatin lemo, ya buga cokali a kofi.

"Jama'a! An ce sati uku. An ce sai birni. An manta a garin nan akwai mai hannu. Sirrin aikin inji, in kuna so ku sani, shi ne kada ka bari ƙarfe ya raina ka. In ya ƙi, ka nuna masa wane ne mai gida. Ƙusar nan, ni da ku duk za mu mutu mu bar ta tana..."

Ragon ya hau, ya yi dogon tunani, ƙusar ta ce ƙas. Tsinken ya yi tsalle daga mazauninsa, ya daki gefen murhu, ya dira ƙasa. Filin kuwa gangare ne har tafki. Rago da tsinke suka kama mirgina kamar muciya a kan tebur, suna kwasar ciyawa. Karnuka bakwai suka tashi lokaci guda. Stavros ya bi su yana zagi da harshen kakanninsa, Vern na biye da mesa, Allah kaɗai ya san me zai yi da ita.

Clarrie ya diro daga akwatin, ya ce a bar masa. Ya yi gudun da bai yi ba tun yana saurayi, ya daka tsalle, ya faɗa kan ragon taku biyar kafin ruwa. Suka mirgina tare sau biyu, shi a sama, rago a sama, sannan suka tsaya. Wani kare ya tafi da hular Clarrie, tunda ta sha kitse.

Cikin wannan kokawa ne wani abu ya fice daga aljihun kwat, ya yi ƙyalli a rana, ya gangara ta gefe, ya tsaya a bakin takalmin Glenys, wadda ta sauko da farantin kek a hannu.

Ta miƙa wa wata farantin. Ta sunkuya ta ɗauka, ta goge shi da gefen rigarta, ta shafa gurbin yatsan da ya karye. Dariya ta mutu a filin.

"Da wannan Baba ya fara koya mini," in ji ta. "Ina 'yar shekara sha biyu."

Clarrie, yana zaune rungume da rago, ya ɗago kai. "Koya miki?"

"Ka ɗauka kuka nake shiga yi duk wata? Mai nake sa masa, in juya shi, in goge kolet ɗaya bayan ɗaya. Hannun tukunyar da kake shan shayi da ita, wa ka ɗauka ya fere shi?"

"To me ya hana ki yi ƙusar da kanki?"

"Wa ya tambaye ni? Kafin in buɗe baki ka riga ka sha shayin." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka karanta murfin?"

"Na duba shi."

"Giris ka sa?"

"Ɗan kaɗan."

"Gwangwani guda," in ji Vern.

"Shi kuma wannan?"

"Shi ya fara yi mini taurin kai."

Glenys ta sa kolet ɗin a jakarta, ta ja zif. "Vern, juyo da motarka. Ka ɗauki mutum huɗu masu ƙarfi, ba masu baki ba."

Stavros dai ragonsa ne a gabansa. Aka wanke shi da mesar Vern, aka tsince ciyawa, aka matse masa lemon tsami, aka mayar kan wuta. Sannan ya tafi motarsa ya dawo da wani tsohon hannun ƙarfe, irin wanda ubansa ke juya rago da shi kafin zuwan lantarki. Ya maƙala a tsinken, ya jawo akwatin lemon da aka yi jawabi a kai.

"Zauna, injiniya. Awa biyar. In ka tsaya ya ƙone, kai za mu ci."

Clarrie ya zauna, ya kama juyi. Hayaƙi na shiga idonsa, kitse na tsalle kan kwat ɗin coci. Rana na tsaka sai ga a-kori-kurar Vern ta biyo titin gefen fili, a hankali kamar mai ɗauke da amarya. Ga injin a baya an ɗaure da igiya, ga Glenys zaune kusa da shi da akwatin kolet a cinya. 'Yan Rumfar Dattawa suka jeru a bakin shinge suka cire huluna. Clarrie ya yunƙura zai miƙe.

"Juya!" in ji Stavros.

Ya koma ya zauna, yana juyi, yana kallon motar har ta sha kwana.

Ragon kuwa ya yi daɗin da ba a taɓa ji ba a garin. Glenys da ta dawo ita ta yanko masa wajen kafaɗa, ta ɗora a burodi, ta sa masa a baki, don hannunsa ya ƙi ɗaguwa.

"Sakarai," in ji ta, tana cire masa ciyawa a gashi. "Ci."

Sati biyu ta yi tana wanke giris da kananzir kafin injin ya sake magana. Ta fere wa Stavros ƙusarsa cikin rabin awa, amma ya jefa ta a aljihun tebur, ya ce jama'a sun ce gashin hannu ya fi. Yanzu duk ran Alhamis Glenys na Rumfar Dattawa tana koya wa tsofaffi yadda ake zaɓar kolet, Clarrie kuma an yarda ya shiga, da tabarau a hanci da tsintsiya a hannu. In baƙo ya zo, yakan ja shi gefe ya ce duk jihar nan babu mai juya rago kamarsa. A wannan kam babu mai musa masa, don tun daga ranar, duk shekara shi ake zaunarwa.